Lambarsa a Cikin Injin Ƙyanƙyasa

Ku da kuke ta aiko min da tambaya kan yadda aka yi 'yar ƙauye irina ta iya haɗa waya da narka dalma, yau zan ba ku amsa. Sai dai ku yi haƙuri da ni, ba zan iya ba da labarin injin ba tare da Kallamu ya shigo ciki ba. Na gwada, abin ya ƙi.

Sunana Sakinatu. Garinmu Gidan Ɗorawa, ɗan ƙauye ne a gefen Makoda, inda gona ke manne da gona, har idan aka yi daka a ƙauye na gaba muna jin ƙarar taɓarya. Mahaifina Malam Nababa, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne. Shagonsa yana jikin zaurenmu, ƙofa ɗaya ta waje, ɗaya ta cikin gida. A ƙarƙashin teburinsa na girma, ina tsince masa ƙananan noti idan sun faɗi. Har yau in na ji ƙaurin dalma sai in ga kamar zan ji muryarsa yana cewa, "Sakina, riƙe min nan, kar ki motsa." Ya rasu ina tsakiyar karatu a kwalejin ilimi ta Bici. Ya bar Inna Mairo da mu uku, duk mata, da shago cike da matattun rediyoyi.

A Bici na san Kallamu. Ɗan shago gare shi kusa da tasha, yana cajin waya yana gyara. Babarbare ne, amma a nan aka haife shi, don mahaifinsa Malam Umara ya zo fatauci tun yana saurayi ya zauna. Wata rana na kai masa wayata da ta daina karɓar caji. Ina tsaye ina kallon hannunsa yana ƙoƙarin narka dalma, ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Ƙarfen bai yi zafi ba tukuna."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙarfen, sai ya miƙo min. "To bismillah, Malama."

Na karɓa na liƙe abina. Bai karɓi ko sisi ba, ya ce ai ni na yi aikin. Kafin in tafi ya janyo wata 'yar leda daga aljihun tebur, ya nuna min wani ɗan allo shuɗi wanda bai cika tafin hannuna ba. Ya ce ƙaramar kwamfuta ce, kuɗinta bai kai na turmin atamfa ba, kuma duk abin da ka rubuta mata shi za ta yi: ta kunna fitila, ta kashe fanka, ta auna zafi, har saƙo tana iya turawa idan ka sa mata layi. Na yi ta juya ta a hannuna. Abin da ya zo min a rai shi ne, da Baba yana raye da ya kwana yana kallon abin nan.

Na gama karatu na dawo gida a shekarar da aka cire tallafin mai. Kun san shekarar, ba sai na tuna muku ba. Kuɗin mota zuwa Bici ya ninka ya sake ninkawa, taki ya gagari mutane, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Aikin koyarwa kuwa babu ko labarinsa. Ƙannena Aishatu da Fadima duk sun yi aure, sai ni da Inna a gida, ga ciwon gwiwa da ya sa ta a gaba. Amma abin mamaki, idan na tuna shekarar yanzu ba wahalar nake fara tunawa ba. Ƙanshin ƙasa bayan ruwa nake tunawa, da hasken la'asar da ke shigowa ta ƙofar shagon Baba, da ƙarar babur ɗin Kallamu tun daga nesa.

Da bazarar shekarar ciwo ya shiga kaji ya kwashe su, waɗanda suka rage kuma aka kai su kasuwa aka sayo hatsi. Da damina ta sauka zabi suka fara zuba ƙwai kamar yadda suka saba, sai aka rasa kazar da za a sa wa. Ku 'yan birni ba lallai ku sani ba, zabuwa ba ta cika zama a kan ƙwanta ba, kaza ake ba wa ta kwanta a kai. Matan garinmu da zabin nan suke sayen sabulu da magani da kayan ɗakin 'ya'yansu. Maƙwabciyarmu Iya Larai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki, ta shigo wata safiya da ƙwarya cike da ƙwai ta ce wa Inna, "Ga shi nan, sai dai a dafa a sayar. Bana babu iri."

Ranar na tura wa Kallamu saƙo.

"Abin nan naka zai iya zama kaza?"

"Ban gane ba."

"Zai iya riƙe zafi ɗaya dare da rana, kusan wata guda?"

"Nemi tsohon firji. Ina zuwa ranar Lahadi."

Firjin a wurin wani mai sayar da ƙanƙara a Makoda na samo shi, ya mutu murus, aka kawo min shi a amalanke. Muka sa masa ƙwan fitilar mota guda biyu don ɗumi, da 'yar fanka da Kallamu ya ciro daga wata matacciyar kwamfuta, da tasar ruwa a ƙasa don kada iskar ciki ta bushe. Muka rataya ɗan abin da ke jin zafi a tsakiya, muka haɗa shi da allon. Farantin sola ɗaya muka ɗora a kan rufin shago, batir kuwa tsoho ne da Baba ya bari. Kallamu ya zo da kwamfutarsa ta cinya, ya zauna yana koya min yadda ake rubuta wa allon umarni: idan zafi ya haura ki kashe fitila, idan ya sauka ki kunna, idan ya sauka da yawa ki tura saƙo. Da muka zo wurin lambar da za a tura wa, sai ya ce, "A sa biyu. Idan wayarki ba caji fa?" Na sa tawa, na sa tasa.

Duk zaman nan ƙofar waje a buɗe take, Inna kuma tana zaune a bakin ƙofar ciki tana tsinke zogale. Ita Bafulatanar Shanono ce, don haka tun ranar farko ta samu abokin wasa.

"Kai Babarbare, ka yi aiki da kyau, ka san dai bayinmu ne ku."

"Inna, ai mu muka koya muku zaman gari. Da yanzu kuna daji."

Gwajin farko da ƙwai shida muka yi, na saka abin jin zafin a inda bai dace ba, duk suka dahu. Inna ta fasa ɗaya ta duba, ta ce, "To ai ba a yi asara ba, kawo gishiri." Na yi kuka ranar, shi kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya gyara zama muka nemo inda kuskuren yake. Gwaji na biyu ya ƙyanƙyashe. Kafin mako ya zagayo mata suka fara sallama da ƙwarya a lulluɓe cikin mayafi. Kowace na rubuta harafin sunanta da fensir a jikin ƙwanta, har firjin ya cika. Safe da rana da yamma ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma kullum da hantsi sai saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, ya 'ya'yanki?"

"Suna nan da ɗuminsu. Ya kasuwa?"

"Babu kasuwa. Kowa ya kashe wayarsa yana tattalin caji. Ni kaɗai nake ɓarnar kati."

Ban san ranar da abin ya tashi daga maganar waya da batir ya koma wani abu ba. Na dai lura na fara wanke hannu in shafa mai idan Lahadi ta zo, ni da ban damu da baƙin dalma a farce ba.

Mutanen gari ma sun lura. Baffa Sabo, yayan mahaifina, wanda gidansa ke jikin namu, ya kira ni zaure wata yamma. Mutum ne mai sanyin magana, kuma tun rasuwar Baba shi yake noma mana gonarmu bai taɓa gori ba, shi ya sa maganarsa take da nauyi a wurina.

"Sakinatu, ni ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ƙannenki suna ɗakunansu, ke kina nan kina wasa da wayoyi tare da wani wanda ban san tushensa ba. Tasi'u ɗan aminina ya yi min maganarki. Yana da rumfar hatsi, mun san uwarsa mun san ubansa. Ki yi tunani kafin kaka."

"To Baffa."

"Shi kuma yaron nan ya daina zuwa. Ina wayar taki?"

A gabansa na goge lambar. Ya sa kwaɗo a ƙofar shagon ta waje, ya jefa makullin a aljihu. Ya bar min ta ciki, don ya san amanar mutane tana cikin firjin. Ta wayar Inna na sanar da Kallamu. Bai yi gardama ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ubanki ne. Ki kula da ruwan tasar, kar ya ƙare."

Lambar da ke cikin injin kuwa, cire ta sai da kwamfutar cinya, ita kuma tasa ce. Haka na riƙa faɗa wa kaina. Amma tsakanina da ku, ko tana hannuna ba na jin zan cire.

Tasi'u ya zo zance sau biyu. Ba shi da laifi, yana da kunya, ya kawo min lemo da biskit. Da na nuna masa injin ya leƙa ya ce, "Ma sha Allah. In an yi aure ai kin huta da wannan wahalar." Na yi murmushi kawai.

Ana saura 'yan kwanaki ƙwan su fashe, Aishatu ta haihu a Shanono. Inna ba ta iya doguwar tafiya, dole ni na je suna. Na koya mata yadda za ta duba tasar ruwa, na tafi da niyyar kwana ɗaya. Lokacin marka ce, rana ta yi kwana da kwanaki ba ta fito sosai ba, kuma na san batirin Baba ya tsufa, amma na ce ai zai kai.

Ranar suna da azahar, ina sanye da leshi ruwan hoda ina raba waina a tsakar gida, ruwa yana ta zuba, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga layin injin.

"ZAFI YA SAUKA. BATIR YA YI ƘASA."

Ni na rubuta kalmomin nan da hannuna. Na ajiye faranti na fita tasha cikin ruwa. Babu mota. Direba ɗaya da na samu ya ce ba zai ƙona mansa don mutum ɗaya ba, sai gobe idan an cika. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar mai shayi na kira Inna.

"Inna, ki dafa ruwa ki zuba a jarkoki ki sa a ƙasan firjin, ki lulluɓe shi da bargo. Kar ki riƙa buɗewa."

"Itacen duk ya jiƙe, amma bari in gani. Ke, fitilun fa sun mutu."

Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari, "ke" take ce min. Na koma gidan suna na shige ɗakin mai jego na zauna a bakin gado. Fuskar Iya Larai kawai nake gani, da sauran matan da suka hana jikokinsu cin ƙwan nan suka kawo min.

Bayan la'asar Inna ta kira. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yi shiru ki saurara." Na ji ta ajiye wayar a kan wani abu mai tauri, teburin Baba ne. Ruwa yana dukan kwanon rufi, amma ina jin magana daga bayan ƙofar waje. Muryar Baffa ce.

"Wa ya kira ka?"

"Babu wanda ya kira ni, Baba." Kallamu ne, muryarsa tana rawa don sanyi. "Injin ne ya turo min saƙo."

"Injin ya san lambarka?"

"Tun farko aka sa masa."

"Ita kuma ba ta cire ba."

Ni kuwa a can Shanono na rufe fuska da mayafi kamar Baffa yana kallona.

"Mene ne wannan a bayan babur?"

"Batirin shagona ne. Ba sai na shiga ba, Baba. In za a buɗe, zan faɗa wa Inna inda za ta sa jar waya da baƙa, in juya."

"Shagon naka fa?"

"Na rufe."

Sai na ji ƙarar kwaɗo, na ji ƙofar nan mai kuka ta buɗe.

"Mairo, samo masa abin goge jiki. Kai kuma ɗauko, ka ga ni ban san jar waya da baƙa ba. Ina zan haska maka?"

Daga nan sai ƙarar ƙarfe, da numfashinsu, da Baffa yana tambaya wannan mene ne, wancan fa. Can na ji 'yar fankar ta tashi. Na san ƙararta kamar yadda na san tarin Inna. Na kifa kai a kan katifar Aishatu na yi kuka mai isata, ita kuma tana tambayata ko wani ne ya mutu.

Washegari da na dawo Inna ta ba ni sauran labarin. Man babur ɗinsa ya ƙare tun kafin ya shigo gari, turo shi ya yi cikin taɓo da batirin a ɗaure a baya cikin buhu. Baffa ya hana shi tafiya sai da ya ci tuwo a zaure, ya yi ta yi masa tambayoyi kan mahaifinsa da sana'arsa da inda ya yi karatun allo, sannan ya tsiyaye man injin ban ruwansa ya zuba masa. Batirin ya zauna a wurinmu har aka gama, shagonsa na caji a rufe duk kwanakin.

Ba duka suka fashe ba. Sanyin ranar ya kashe wasu, kuma sai da na bi gida-gida na faɗa wa masu su. Amma mafi yawa sun fito. Da safe na buɗe firjin na tarar da su jiƙe-jiƙe suna tangaɗi, masu zane-zane a ka, kukansu ya cika shagon. Iya Larai ta zo da kwando ta durƙusa tana kwashe nata, tana sa min albarka tana share ido da bakin zane. Baffa ma ya leƙo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da zai fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni zan ba mahaifin Tasi'u haƙuri. Ki ce wa yaron nan ya turo manyansa."

Ban taɓa jin daɗin wata Juma'a kamar wadda ta biyo baya ba. Na share zaure na yayyafa ruwa, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Na sa atamfar da Baba ya saya min ta ƙarshe, koriya mai ganye ruwan goro, wadda nake ta ɓoyo a ƙasan akwati. Na turara jikina da turaren wutan da mahaifiyarsa Ya Amsa ta taɓa aiko min, na zizara kwalli, na yafa farin mayafi. Inna tana kallona tana girgiza kai. "Duk wannan don bawa?"

Ya iso bayan la'asar cikin farar shadda da hula zanna. Na kawo masa ruwa da fura, na zauna a gefen tabarma na faɗa masa saƙon Baffa, ina wasa da bakin mayafina ina jira in ji dariyar nan tasa. Ban ji ta ba. Da na ɗago, kofin yana hannunsa bai sha ba.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Sakina, akwai maganar da ya kamata ki ji kafin manya su shigo ciki."

"Ina ji."

"Mahaifina ya yanke shawarar komawa gida. Can ƙasar Barno. 'Yan uwansa sun koma garinsu, an raba gonakin kakanmu, nasa kason yana jiransa. Ya ce ya gaji da sayen hatsi da kwano, kuma yana so idan ta Allah ta zo a binne shi kusa da iyayensa. Bayan kaka za su tashi."

"Kai fa?"

"Ni ne babba. Idonsa ya fara rauni, ƙannena ƙanana ne." Ya ajiye kofin. "Ban taɓa zama a can ba, ni ma baƙo zan je in zama. Na faɗa masa maganarki, ya yi murna. Ya ce in tambaye ki tun yanzu, kada a yi abin da za a zo ana da-na-sani. Za ki iya bina?"

Tafiyar yini guda ce a mota, a shekarar da zuwa Bici ma sai an yi shawara. Wa zai ɗebo wa Inna ruwa? Wa zai shafa mata magani a gwiwa, ya kai ta asibitin Makoda idan ciwon ya tashi? Aishatu da Fadima kowacce tana fama da gidanta. Ga shi kuma yana zaune a gabana, mutumin da ya turo babur cikin taɓo saboda ƙwan da ba nasa ba.

"Ba sai yau ba," ya ce a hankali.

Na tashi da sunan zan ƙaro ruwa. Ina ɗaga labulen ƙofar ciki na yi turus. Inna ce zaune a kan 'yar kujerarta dab da ƙofar, ƙafafunta a miƙe, tiren shinkafar da take tsincewa yana kan cinyarta, hannunta ya tsaya cak a ciki. Ta ji komai.

"Inna, ni ba inda za ni," na ce.

Ba ta dube ni ba. Ta sauke tiren a ƙasa, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. Sannan, a karo na farko tun da na yi wayo, ta kira sunana.

"Sakinatu, ce masa ya shigo. Ba ke za ki ba shi amsar nan ba, ni ce. Ciwon gwiwata ba zai tare miki hanya ba."